Jan yauƙi a akwatin murjani: a gyara ruwa kafin a nemi magani

Masu kiwon kifin teku da murjani a akwatin gilashi sun san wannan annoba: jan yauƙi mai shimfiɗuwa bisa yashi da duwatsu, da ƙananan kumfa a jikinsa. Da dama na ɗaukarsa gansakuka, alhali kuwa bakteriya ce mai haɗa abincinta da haske, wadda masana ke kira siyanobakteriya. Danginta ɗaya da sifirulina da matan Kanembu ke tsamowa a yankin Tafkin Cadi, sai dai wannan in ta lulluɓe murjani takan tare masa haske har ya mutu.

Ragowar abinci da kashin kifi ne ke ciyar da ita, domin suna ƙara sinadaran fosfat da nitirat cikin ruwa. Shi ya sa ta fi kafuwa a lungunan da ruwa ke kwance, inda dauɗa ke taruwa.

Matakin farko shi ne a zuƙe yauƙin da tiyo. Sannan kowane mako a canja kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na ruwan, da tataccen ruwa da aka dama da gishirin teku, ba ruwan famfo ba. A rage wa kifi abinci, a juya injin tura ruwa ya fuskanci lungunan. Wasu kan kashe fitila su rufe akwatin kwana 3.

Akwai masu zuba maganin eritiromisin. Yana kashe yauƙin cikin kwanaki, amma ruɓewarsa na cinye iskar oksijin, kifi ya galabaita. In kuma ruwan bai gyaru ba, yauƙin zai dawo.