Tabo a Jiki, Babu Shi a Takarda

A tsakiyar watan Mayun 1918, wasu sojojin Amurka biyu baƙar fata suna gadin dare a bakin dajin Argonne, a arewa maso gabashin Faransa. Ɗaya shi ne Henry Johnson, wanda kafin yaƙi dako yake yi a tashar jirgin ƙasa ta Albany a jihar New York. Ɗayan kuma wani matashi ne, Needham Roberts. Can da dare ya raba, sai ayarin Jamusawa fiye da goma suka yi musu dirar mikiya. Roberts ya ji rauni tun da farko. Johnson ya yi ta jifa da gurneti har suka ƙare, ya koma harbi, bindiga ta cije, ya juya gindinta ya zama kulki. Da ya ga ana jan Roberts za a tafi da shi, sai ya zare wuƙa ya afka musu. Gari na wayewa aka tarar Jamusawa sun gudu, shi kuwa Johnson da raunuka 21 a jikinsa.

Faransa ba ta ɓata lokaci ba, ta ba shi lambarta ta jaruntaka, Croix de Guerre, domin a ƙarƙashin Faransawa rundunarsu ta 369 take yaƙi. Hafsoshin Amurka na lokacin ba sa son haɗa baƙaƙe da farare a sahu ɗaya. A Fabrairun 1919 an zaga da shi titunan New York a buɗaɗɗiyar mota, jama'a na ta shewa. Amma masu rubuta tarihinsa sun ce takardar sallamarsa daga soja ba ta ambaci raunukan ba. Ya rasu a 1929, bai kai shekara arba'in ba, ba lafiya ba dukiya. Sai a 1996, shekara 78 bayan wancan dare, Amurka ta ba shi Purple Heart, lambar da take bai wa duk sojan da abokin gaba ya raunata ko ya kashe.

Lambar tana da tsohon asali. George Washington ne ya ƙirƙiro kakarta a ranar 7 ga Agustan 1782, wani ɗan ƙyalle mai siffar zuciya, launin shunayya, da ake ɗinka wa soja a ƙirji. Aka manta da ita har tsawon shekara 150, sai Janar Douglas MacArthur ya farfaɗo da ita a ranar 22 ga Fabrairun 1932. Ta bambanta da sauran lambobin yabo ta fuska ɗaya: ba sai kwamanda ya yaba wa soja ba. Haƙƙi ce. In jininka ya zuba ta hannun maƙiyi, taka ce, ko kai janar ne ko kurtu.

Sai dai haƙƙin yana da sharaɗi uku. Dole raunin ya zama daga aikin abokin gaba, dole ya kai a ce likita ya yi maganinsa, kuma dole a ce an rubuta wannan magani a kundin soja. Na ukun nan ne ke kayar da mutane.

A duba yadda fagen daga yake. Ɓarɓashin bam ya shiga cinyar soja, ɗan agajin da ke tare da su ya ciro shi da hantsaki, ya zuba magani, ya naɗe da bandeji, aka ci gaba da tafiya. Wataƙila ɗan agajin ya cika katin da ake rataya wa mai rauni, ruwan sama ya jiƙa shi. Wataƙila shi kansa aka kashe shi bayan kwana biyu. Wani sojan kuma da kansa yake ƙin zuwa asibiti, don kada ya bar 'yan uwansa a cikin wuta, ko don yana jin kunyar ambaton ɗan tsaga a hannu alhali na kusa da shi ƙafa ya rasa. Abin takaicin ke nan: wanda ya fi daurewa shi ne ya fi barin ƙarancin shaida a bayansa. Ranar sallama kuma, akawu zai miƙo takarda, soja ya sa hannu bai karanta ba, hankalinsa ya riga ya isa gida.

Shekaru hamsin bayan haka, jika ya tambayi kakansa asalin tabon da ke wuyansa, a ɗauko takardar a duba, a tarar gurbin raunuka an rubuta babu.

Kafin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda yake son a gyara masa irin wannan kuskure sai ya nemi ɗan majalisa ya gabatar da ƙuduri na musamman da sunansa shi kaɗai. Da koke ya yi wa majalisa yawa, sai a 1946 ta ba kowace runduna ikon kafa hukumar farar hula mai gyara kuskure ko zalunci a bayanan soja. Tsohon soja, ko matarsa ko 'ya'yansa in ya rasu, su cika fom mai lamba DD 149, su haɗa da hujjoji. Doka ta ce a yi haka cikin shekara uku da gano kuskuren, amma ta bar wa hukumar damar kau da kai daga wannan wa'adi in adalci ya buƙaci haka, kuma da wannan ƙofa ce dattawan yaƙin Koriya da na Biyetnam suke shiga har yanzu. Mafi yawan shari'o'in a kan takarda ake yanke su, mai koke bai ga alƙalansa ba, su ma ba su ga tabonsa ba. Ka'idar da suke farawa da ita kuwa ita ce, abin da gwamnati ta rubuta daidai ne, sai in mai koke ya tabbatar da akasin haka.

To, da wace takarda zai tabbatar? Nan maganar ke kai mutum birnin St. Louis na jihar Missouri, inda babban rumbun fayilolin sojojin Amurka yake. Jim kaɗan bayan sha biyun daren 12 ga Yulin 1973, gobara ta tashi a hawa na shida na ginin. Babu na'urar fesa ruwa a ciki, kuma sai da aka kwana huɗu kafin a ce wutar ta mutu murus. Fayil miliyan 16 zuwa 18 suka ƙone. Kusan kashi 80 cikin 100 na fayilolin sojojin ƙasa da aka sallama tsakanin 1912 da 1960 sun tafi, wato mayaƙan yaƙin duniya biyu da na Koriya. Ba kwafi, ba hoto, ba ma cikakken jerin sunayen abin da ke ciki. An tsamo kimanin miliyan shida da rabi a jiƙe, aka busar da wasunsu a ɗakunan gwajin kayan sararin samaniya na kamfanin McDonnell Douglas, kuma har yau akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne ɓamɓare waɗannan takardu masu ƙonannen baki, shafi bayan shafi.

Don haka mai neman gyara sai ya zama mai bin sawu. Akwai rahoton safiya da kowane rukunin soja yake cikawa kullum a wancan zamani, mai nuna wanda ya zo, wanda ya tafi, wanda aka kai asibiti. Wannan ya tsira daga gobarar domin a faifan hoto yake. Akwai bayanan kwanciya asibiti na ofishin babban likitan soja, kusan miliyan takwas, da aka gano a 1988. Akwai wayar tangaraho da gwamnati kan buga wa iyaye cewa an raunata ɗansu, wadda wata uwa ta adana a cikin akwati. Akwai jaridar ƙauye da ta buga labarin, da wasiƙar da sojan ya rubuto daga gadon asibiti, da hoton ƙashi da ke nuna ƙarfe har yanzu yana maƙale. Rantsuwar abokan yaƙi tana taimakawa, amma ita kaɗai ba kasafai take isa ba, ga shi kuma kowace shekara shaidun raguwa suke yi.

Hukumomin suna da hujjar tsanantawa. An sha kama masu sanya lambobin da ba nasu ba, har majalisa ta yi dokar hukunta masu cin riba da irin wannan ƙarya a 2013. Lambar kuma ba ado ba ce kawai: mai ita yana samun fifiko a asibitocin tsofaffin sojoji, da ƙarin maki goma in yana neman aikin gwamnatin tarayya, da izinin a binne shi a maƙabartar Arlington. Duk da haka, da wuya a kira shi adalci a ce wanda takarda ta ƙone a hannunsa shi ne kuma ke cewa a kawo masa ita.

Wani lokacin ba takarda ce ta ɓata ba, ma'anar rauni ce ake jayayya a kanta. Cizon sanyi da bugun zafi da cuta ba sa ciki, ko da a bakin daga aka same su. Wanda nasu suka harba bisa kuskure ana tsakiyar artabu, tun 1993 doka ta sa shi ciki. Ciwon firgici da ke bin soja bayan yaƙi kuwa, ma'aikatar tsaro ta ce bai cancanta ba. A ranar 5 ga Nuwamban 2009, Manjo Nidal Hasan ya buɗe wuta a barikin Fort Hood na Texas, ya kashe mutum 13, ya raunata fiye da 30. Shekara da shekaru hukuma na ɗaukar abin a matsayin rikicin wurin aiki. Sai da majalisa ta sauya doka, sannan aka raba lambobin a Afrilun 2015.

Wani misalin kuma shi ne na sansanin Ain al-Asad a Iraƙi. A ranar 8 ga Janairun 2020, Iran ta yi masa ruwan makamai masu linzami don ramuwar kisan Janar Ƙasim Sulaimani. Sanarwar farko ta ce babu wanda ya ji rauni. Da aka fara kwasar sojoji zuwa asibiti, Shugaba Donald Trump ya ce abin da ya ji shi ne ciwon kai. A ƙarshe sojoji fiye da 100 likitoci suka tabbatar girgizar fashewar ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, rauni ne da ba ya jini, amma yana cin barci da tunani da gani. Mutum 29 aka ba lambar a shekarar. Sauran suka yi ta jira, sai da gidan talabijin na CBS ya tono maganar, sannan a Disamban 2021 rundunar ta amince da ƙarin 39.

Shi kuwa Henry Johnson, gyaran nasa daki-daki ya zo. An daɗe ana zaton a kabarin talakawa aka binne shi, sai a farkon shekarun 2000 masu bincike suka gano yana kwance a Arlington, da cikakken sunansa, William Henry Johnson. A ranar 2 ga Yunin 2015 Shugaba Barack Obama ya ba shi Medal of Honor, lambar da babu ta sama da ita a sojan Amurka. Binciken da aka yi kafin bikin ya nuna cewa iyalin da suka yi shekaru suna fafutukar a karrama shi, bisa yaƙinin cewa kakansu ne, ba su haɗa jini da shi ba. Da ba a samu magaji ba, sai wani babban saje-manjo na dakarun jihar New York, Louis Wilson, ya hau dandamali a Fadar White House ya karɓa a madadinsa.