Yadda Ake Cire Sitiyarin Tsohuwar Mota

Wanda bai taɓa zaman gareji ba yakan ɗauka cewa cire sitiyarin mota bai wuce a kwance noti ɗaya a ɗaga ba. Ni ma haka na ɗauka, sai da na yi wani hutu ina zuwa wurin wani bakanike a Kaduna, inda na ga ƙato ya kwance notin ya ajiye, ya yi ta kokawa da sitiyari har gumi ya jiƙa masa riga, amma ko gezau. Nufina a cikin wannan ɗan rubutu shi ne in bayyana dalilin wannan taurin kai na sitiyari, da yadda masu sana'ar suke bi da shi. Motocin da nake magana a kansu kuwa su ne irin na da, marasa jakar iska a tsakiyar sitiyari, kamar Peugeot 504, wadda mutanenmu ke kira Fijo. An fara ƙera ta a Faransa cikin 1968, aka kuma daɗe ana harhaɗa ta a masana'antar Kakuri ta Kaduna, wadda ta fara aiki cikin 1975.

Ba don sha'awa ake cire sitiyari ba. Ko dai ya tsage, ko makunnin sigina da ke ƙarƙashinsa ya lalace, ko oda ta daina kuka, ko kuwa sandar da yake zaune a kanta ta fara rawa.

Kafin a taɓa sifana, ya kamata a san abin da ke riƙe da shi, gama nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sitiyari yana da cibiya ta ƙarfe, wadda ke zaune a kan wata doguwar sanda mai gangarawa zuwa akwatin da ke juya tayoyin gaba. A kan sandar nan akwai ƙananan haƙora tsaye-tsaye, haka ma cikin ramin cibiyar, watau in an saka sai su sarƙe, sitiyari ba ya iya juyawa sai da sandar. Ban da haƙoran, a yawancin motoci an yi wa kan sandar ɗan tsukewa, ramin cibiya kuma ya bi wannan siffa. Duk wanda ya ga yadda maƙeri ke cusa tsinin fartanya cikin ƙota ya san sauran: iyakar shigarsa, iyakar kamunsa. Aikin noti shi ne ya danna cibiya a kan tsukewar. Da zarar ta zauna, ga kuma tsatsar shekara talatin ko arba'in, ko an kwance notin ba za ta saki ba.

Da farko akan tsai da mota a wuri mai daidai, tayoyin gaba suna kallon gaba sak. Sa'an nan a cire wayar batir wadda ke haɗe da jikin mota. Dalili kuwa, a tsofaffin motoci da yawa, alal misali Volkswagen ƙirar kunkuru, wayar oda ta cikin sitiyari take bi, kuma da ta taɓa ƙarfe sai oda ta ɗauki kuka, wani lokaci har da tartsatsi. Wasu motocin Faransa sun huta da wannan, domin odarsu tana jikin sandar gefe, amma duk da haka cire wayar ya fi. Daga nan a ɓamɓare murfin tsakiya a hankali, ko a kwance kusoshinsa ta baya in da su aka kama shi, sai noti ya bayyana.

Wajen kwance noti akwai wata ɗabi'a da ban ga amfaninta ba, watau a zare makulli a bar makullin sitiyari ya riƙe sandar, mutum ya danna sifana da iyakar ƙarfinsa. Ɗan ƙarfen da ke kulle sandar an yi shi ne don ɓarawo, yana kuwa iya karyewa ko ya lanƙwashe. Abin da ya dace shi ne a buɗe kullen, wani ya riƙe sitiyari da hannu biyu. In noti ya fita, a ja layi da fenti ko da tsinin ƙusa daga kan sanda zuwa cibiya. Wannan alama ba ƙaramin abu ba ce. In haƙoran 36 ne, alal misali, kuskuren haƙori ɗaya wajen mayarwa karkatar digiri 10 ke nan, direba zai yi ta tafiya a miƙe da sitiyari a karkace.

To, a nan ne maigidan garejin ya yi abin da ya ba ni mamaki. Ya dubi yaronsa ya ce, "Kai, mai da notin nan." Yaro ya ce, "Maigida, ai yanzu na kwance shi." Ya ce, "Mai da shi, in kana son haƙoranka." Akan mayar da noti ne a murɗa shi zagaye uku ko huɗu, a bar rata tsakaninsa da cibiya. Tsukewar nan ba ta saki sannu-sannu. Takan riƙe ƙam, sa'an nan ta saki gaba ɗaya, shi kuwa mai ja yana zaune a kujerar direba, fuskarsa tana daidai da sitiyari. In ba noti, a baki ko a hanci zai karɓe shi. In da noti, sai a ji ɗan ƙara, sitiyari ya tsaya a jikinsa.

Jan ma da dabara. Akan kama gefen dama da na hagu, a riƙa girgizawa ana ja, a koma sama da ƙasa, bayan an ɗiga ɗan mai a bar shi ya ratsa tsatsar. In ya ƙi, akwai wani ƙarfe da aka yi musamman don wannan aiki. Ana kama cibiya da shi, ta ramukan kusoshi ko ta ƙarƙashinta, yana da babbar kusa a tsakiya wadda ke tokare kan sandar, ana murɗawa yana janyo cibiya sama.

Abin da ba shi da kyau shi ne guduma, ita ce kuwa ta fi kusa da hannu a garejinmu. Dukan kan sanda yana baje zarenta, har noti ya ƙi komawa. Wannan ɓarna ce da ake gani. Akwai kuma wadda ba a gani. A da, sandar sitiyari ƙarfe guda ce, in an yi karo takan soki direba a ƙirji kamar mashi. Kamfanin General Motors na Amurka ya sa sanda mai naɗewa a motocinsa na 1967, daga 1968 kuma dokar ƙasar ta tilasta irin wannan kariya, sauran masu ƙera motoci suka bi. A irin wannan ƙira sau da yawa sandar gida biyu ce, ɗaya cikin ɗaya, an kama su da 'yan ƙusoshin roba waɗanda aka yi don su karye in an yi karo. Su kuwa ba su san bambancin karo da guduma ba. Bakanike zai mai da sitiyari, mai mota ya biya ya tafi, ba wanda ya san sandar ta riga ta saki a ciki.

Wajen mayarwa, a goge tsatsa, a haɗa layin da aka ja, a kuma lura da ɗan harshen da ke bayan cibiya, wanda ke kashe sigina in an gama kwana, kada a danne shi a kan makunni. A ɗaure noti gwargwadon yadda littafin motar ya faɗa, in da washa mai lanƙwasawa a lanƙwasa ta, domin noti ɗaya ne tak tsakanin direba da tayoyinsa. Wasu direbobi kan zo a tsallakar musu da haƙori ɗaya ko biyu don sitiyari ya karkace. In daga saitin tayoyi karkatar ta fito, wannan rufe ciwo ne kawai: taya za ta ci gaba da cinyewa ta gefe ɗaya. Irin wannan mota wurin mai saitin taya ya kamata a kai ta, a bar sitiyari inda yake.