Safo: zubar da ciki a ɓoye yana kashe mata

Jama'ar Safo, ga maganar da ake rufewa. Budurwa ta yi ciki, tana tsoron iyaye. Mai goyo ta yi rurutsa, tana tsoron dariyar kishiya. Sai a tafi wurin mai saiwoyi ko mai tallar ƙwayoyi, wanda bai san aikin likita ba.

Daga nan jini ya ɓalle. Mahaifa ta ruɓe, masassara ta rufe mace. Wata ba ta ƙara haihuwa, wata ta mutu cikin ɗaka.

Dokar Nijar ta 2006 ta yarda likita ya cire ciki in zai halaka uwa.

Maigida, in ka ga jini ko ruwa mai wari, kada ka tsaya tambayar mai cikin. Ɗaura amalanke, ka kai ta asibitin Madarunfa a daren nan.