Sauya Sifirin Domin Gusar da Aksul na Baya a Motocin Shiga Daji

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa fita rangadi cikin Land Rover ko Land Cruiser a kan hanyar burji ya san cewa rabin ƙarfin mota yana ƙarƙashinta ne. Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayanin wata dabara da kanikawa suke yi wa irin waɗannan motoci, watau sauya sifirin na baya domin a gusar da aksul daga mazauninsa na asali. Batun ya shafi ɗalibi mai nazarin fasaha, ya kuma shafi ma'aikacin da aka damƙa wa amanar motocin hukuma, domin shi zai ba da iznin aikin, kuma rayukan mutane ne za a ɗora a kai.

Yadda Sifirin Yake Riƙe Aksul

Sifirin da ake nufi a nan shi ne mai falle-falle, watau fallayen ƙarfe da aka jera wani bisa wani, dogo a sama, gajeru a ƙasa. Tun a 1804 wani maƙerin keken doki na Landan, Obadiah Elliott, ya yi rajistar dabarar ɗora keke a kan irinsa. Babban fallen yana da ido a kowane ƙarshe. Idon gaba a kafe yake jikin shasi, na baya kuwa an rataye shi a wani ƙarfe mai lilo, domin sifirin yakan miƙe idan nauyi ya danne shi. Akwai kuma ƙusar tsakiya wadda ta tsire fallayen duka, kanta yana shiga wani rami a mazaunin da ke jikin aksul, sa'an nan a ɗaure da lanƙwasassun ƙusoshi guda biyu.

Ke nan sifirin aiki biyu yake yi: yana ɗaukar nauyi, yana kuma tsai da aksul a wuri guda. Nisan da ke tsakanin idon gaba da ƙusar tsakiya shi ne yake yanke inda ƙafafun baya za su zauna.

Dabarar Kanta

Sau da yawa ƙusar tsakiya ba a tsakiya sosai take ba, ta fi kusa da idon gaba. A ɗauka, alal misali, tsawon sifirin inci 50 ne, 22 a gaban ƙusar, 28 a bayanta. Idan aka juya shi gaba ya koma baya, aksul zai ja baya da inci 6. Haka kuma idan aka kawo na wata mota wanda sashensa na gaba ya fi tsawo, aksul zai gusa gwargwadon bambancin.

Inda dabarar ta fi shahara shi ne tsakanin masu hawan duwatsu da mota a Amurka. Jeep Wrangler ƙirar YJ, wadda aka yi daga 1987 zuwa 1995, tazarar ƙafafunta na gaba da na baya kimanin inci 93 ce. Masu ita sukan ɗauko sifirin na baya na Jeep Cherokee ƙirar XJ, ta 1984 zuwa 2001, wanda ya fi tsawo kuma ƙusarsa ta karkata gefe guda, su sauya wurin marataya, su ɗora shi domin ƙara wannan tazara.

Amfani da Illa

Gajeriyar mota idan ta fuskanci hawa mai tsini, gabanta yakan yi sauƙi har ta nemi kifewa ta baya. Ƙarin tazara yana rage wannan haɗari. Bugu da ƙari, abin da ya zarce ƙafafun baya na bodi yana raguwa, saboda haka gindinta ba ya yawan dukan ƙasa wajen fita daga kwari. Amma duk abin da aka samu a nan sai an biya shi a can: doguwar mota ta fi saurin dafa cikinta a kan tudu, tana bukatar fili babba kafin ta juya, kuma wani kaso na nauyin kaya yakan koma kan ƙafafun gaba. Shi ya sa masu ƙera Land Rover, bayan ta farko mai inci 80 ta 1948, suka fitar da iri biyu daga 1956, mai inci 88 da mai inci 109, kowace da aikinta.

Abubuwan da Suke Bin Aksul

Aksul ba ya tashi shi kaɗai. Da farko farfela za ta gaza tsawo. Idan ba a ƙara ta ba, tana iya zarewa sa'ad da ƙafa ta faɗa rami. Dole kuma a duba karkatar da take yi, domin karkata mai yawa tana kawo kaɗawa da cinyewar gaɓoɓinta. Na biyu, tiyon birki da wayar birkin hannu suna bukatar ƙari, kuma tsinkewar tiyo rasa birki ne. Na uku, a sake wa shakazoba mazauni, a yanke bodi inda taya za ta goga, a kuma lura da tankin mai, wanda a YJ yana bayan aksul ne. Har ila yau, sashen gaba mai tsawo ya fi saurin murɗewa idan aka taka mai da ƙarfi, kuma murɗewar tana karya falle.

Daɗin daɗawa, akwai ƙa'idoji na aiki. Ba a yi wa falle walda, ba a gasa shi, domin wuta tana kashe ƙarfinsa. Ba a mai da tsofaffin ƙusoshin ɗauri. A sa sababbi, a kuma sake ƙara musu ɗauri bayan an ɗan yi tafiya. A auna dama da hagu su zo daidai, in ba haka ba mota za ta riƙa tafiyar ƙaguwa tana cin taya.

Kammalawa

A taƙaice, sauya sifirin hanya ce mai sauƙin kuɗi ta gusar da aksul, amma sauƙin yana ƙarewa ne a kan sifirin kansa. Jami'in da bakanike ya kawo wa wannan shawara ya tambaye shi abu uku: inci nawa aksul zai gusa, me za a yi wa farfela da birki, kuma wa zai gwada motar kafin ta ɗauki mutane. Idan amsa ba ta gamsar ba, gara a bar ta yadda maƙeranta suka yi ta, kada garin neman gira a rasa ido.