Ƙidayar Bishiyoyi: Yadda Binciken Jami'o'i Ya Gyara Labarin Hamada

A shekarar 1935 wani farfesan ilimin gandun daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, ya wallafa gargaɗi bayan ya zagaya arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Ya ce Sahara na gangarowa kudu, kuma manoma da makiyaya ne ke share mata hanya da gatari da wuta. Hankalin Turawan mulki ya tashi, har Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi kan iyaka daga 1936 zuwa 1937. Kwamitin ya je ya dawo bai ga rairayin da aka ce yana tahowa ba. Sai dai magana ta riga ta fita. Da farin 1973 da na 1984 suka zo, dabbobi suka ƙare, rumbuna suka bushe, sai kowa ya ce ga abin da aka faɗa. A 1975 ma wani rahoto ya ce a Sudan hamada na cin kusan kilomita biyar da rabi kowace shekara, adadin kuma ya yi ta yawo a littattafai.

Irin wannan labari yana da tsada, domin a kansa ake gina doka. Tun da an ɗauka manomi ne mai laifi, sai aka mayar da bishiyoyi mallakar hukuma, ana cin tarar wanda ya sare reshe a gonarsa. Aka kashe maƙudan kuɗi wajen rainon dashe, ana jera bishiyar turare da darbejiya, amma da yawa daga cikin dashen ba sa kai wa baɗi: wanda rani ya bari, awaki su cinye.

Masu aunawa ne suka fara kwance wannan ƙulli. A shekarun 1980, Ulf Helldén na Jami'ar Lund ta ƙasar Suwidin ya kwatanta tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan'adam a yankin Kordofan, bai sami alamar wannan gudu da aka ce hamada na yi ba. A 1991 Compton Tucker na hukumar NASA ta Amurka da abokan aikinsa suka nuna cewa bakin Sahara yana matsowa kudu a shekarar fari, ya koma arewa idan damina ta yi kyau.

A Kano kuwa, da ƙafa aka yi aikin. Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello kafin ya zama farfesan labarin ƙasa a Jami'ar Bayero, ya shafe shekaru yana bin ƙauyuka. Shi da abokansa sun fitar da bincike a 1990 kan itacen girki a Kano. Abin da ake zato shi ne birni mai yawan jama'a zai cinye duk itacen da ke kewayensa. Suka tarar gonakin karkarar Kano, inda mutane suka fi cunkushewa, suna riƙe da bishiyoyinsu. Dalili kuwa a fili yake: kuka da ɗorawa da tsamiya suna da mai su, kuma mai abu ba ya wasa da abinsa. Yakan sassabe reshe ya bar uwa.

Babban darasin ya fito ne daga jihohin Maraɗi da Damagaram na Nijar. A 1983 wani ma'aikacin agaji ɗan Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan tsirran da manoma ke sharewa kafin shuka toho ne na kututturan bishiyoyi masu rai, waɗanda saiwoyinsu ke nan daram a ƙasa. Dabarar da aka yaɗa, wadda ake kira sassaben zamani, ba ta bukatar famfo ko taki. Lokacin sharar gona, manomi zai tsaya a kan kututturen kalgo ko sabara ko gawo, ya zaɓi toho biyu zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ya yanke sauran, ya rage rassan ƙasa da wuƙa mai kaifi yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Tun da tsohuwar saiwa ce ke ciyar da tohon, girmansa ya fi na dashe sauri nesa ba kusa ba.

Shekara ashirin aikin yana bazuwa daga gona zuwa gona, duniya ba ta san girmansa ba. Sai a tsakiyar shekarun 2000 masana daga Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, tare da Chris Reij na wata jami'a a Amsterdam da Gray Tappan mai nazarin hotunan sama, suka auna. Ƙiyasinsu ya kai hekta miliyan 5 da bishiyoyi wajen miliyan 200, da ƙarin hatsi kimanin tan dubu 500 a shekara. A Magarya da Matamaye da Mirya, gawo ne ya fi yawa, kuma da dalili. Gawo yana kaɗe ganyensa da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyen ya ruɓe ya zama taki, saiwarsa na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin, da rani kuma ya yi kore ya zubar wa dabbobi 'ya'ya lokacin da ciyawa ta ƙare. Bayan waɗannan alƙaluma sun fito, shirin Babbar Koriyar Ganuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007 ya rage dogaro da jera dashe kawai, a 2020 kuma Nijar ta yi dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan bishiyar da ya raina.

Yau ƙidayar ta kai wani matsayi. Martin Brandt na Jami'ar Kofanhagan ya zauna ya zagaye kusan bishiyoyi dubu 90 da hannunsa a hotunan tauraron ɗan'adam, ya koya wa kwamfuta gane su. A 2020 tawagarsa ta ƙirga bishiyoyi biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel. A 2023 aka faɗaɗa aikin daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, aka sami biliyan 9.9, aka kuma ƙiyasta yawan kabon da suka adana. Gani ya kori ji.

Kada wannan ya sa a saki jiki. Zafi na ƙaruwa, damina ta zama marar tabbas, wani ɓangare na koren da ake gani kuma dawowar ruwan sama ne bayan shekarun fari. Binciken su Brandt na 2018 ya nuna cewa yayin da gonakin busassun yankuna ke riƙe bishiyoyi, dazuzzukan da ke kudu da su suna raguwa inda ake buɗe sabbin gonaki. Masu gawayi ma ba su huta ba.

Saboda haka aiki na jiran jami'o'inmu, daga Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero zuwa Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi. Tauraron ɗan'adam yana ganin kan bishiya, amma ba ya gaya mana wace iri ce, wa ke da ita, ko matan gida na samun rabonsu daga itace da 'ya'yanta. Ɗalibin da ya tafi garinsu da abin awo da littafin rubutu zai iya amsa wannan. Idan an gama kuma, a mayar da sakamakon cikin Hausa, a karanta a rediyo da gaban masu gari, domin manomin da ya ba da amsa ya ji abin da aka gano kafin sharar gona ta gaba.