Tsakanin Rasuwa da Ƙaruwa: Hausar da Na Koya a Kan Tabarmar Makoki

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Ni ɗan ƙabilar Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, kuma haifaffen Minna ta Jihar Neja. Na tashi da Hausar kasuwa da ta filin ƙwallo, na zo jami'a na ɗora da ta littafi, har na fara ganin babu sauran abin da zai gagare ni a harshen. Shekarar 2024 ce ta nuna mini iyakata. A farkonta Allah ya yi wa mahaifina rasuwa, a ƙarshenta kuma aka samu ƙaruwa a gidanmu. Manufar wannan maƙala ita ce in waiwayi wannan shekara, in bayyana kalmomi da gaishe-gaishen da Bahaushe ke amfani da su a waɗannan lokuta biyu, domin amfanin ɗalibai, musamman irina da suka koyi Hausa da girmansu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kawo Hausa gidan makokin Gbagyi? Amsa ita ce tarihin garin. Tun da layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda ya isa Kano a 1911, ya ratsa ta Minna, garin ya zama mahaɗar Hausawa da Nufawa da Yarabawa da sauran ƙabilu. Zamansa babban birnin jiha a 1976 ya ƙara tara jama'a. Mahaifina kuwa fataucin doya yake yi, abokan cinikinsa daga Kano da Katsina da Sakkwato suke. Saboda haka da aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu, Hausa ce harshen da kowa ke ji.

Yadda Ake Faɗin Mutuwa

A farkon Fabrairu ƙanen mahaifina ya kira ni ina makaranta, ya ce jikin Baba ya yi tsanani, in taho gida. Sai da motarmu ta wuce Lambata wani maƙwabcinmu ya kira, bayan gaisuwa ya ce: "To, sai haƙuri, rai ya yi halinsa." Duk cikinsu babu wanda ya furta kalmar mutuwa, amma na gane. Kafin in isa an riga an yi masa sutura an kai shi makwancinsa, domin Musulmi ba su jinkirta jana'iza.

Wannan shi ne abin da muke karantawa a aji da sunan sakaya zance. Bahaushe ba kasafai yake cewa mutumin da yake girmamawa ya mutu ba. Sai ya ce ya rasu, ko ya cika, ko ya kwanta dama, ko ya riga mu gidan gaskiya, ko wa'adi ya yi. Idan jariri ne sai a ce ya koma. Idan annabi ne ko babban malami sai a ce ya yi wafati. Ita kuwa kalmar "mutu" kowa da komai na yinta: akuya ta mutu, fitila ta mutu, aure ya mutu. Ni ban kiyaye da wannan bambanci ba, har na ce wa wani dattijo Bakatsine: "Jiya Baba ya mutu." Ya dafa kafaɗata ya ce: "Ɗana, mahaifinka rasuwa ya yi." Ban sake wannan kuskure ba.

Ta fuskar nahawu, "rasu" ya fito ne daga aikatau "rasa". A tsarin azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya fitar a 1960, yana aji na bakwai, wato ajin da ke ƙarewa da wasalin "u" da karin sauti ƙasa-sama, kamar gyara da gyaru, ko tara da taru. Wannan aji yana nuna abin da ya auku a kan mutum ko abu, ba tare da an ambaci mai aikatawa ba. Kada ɗalibi ya ruɗu da "mutu": ko da yake ya ƙare da "u", karin sautinsa sama-ƙasa ne kamar na "gudu", don haka ba ɗan wannan aji ba ne. Haka kuma "marigayi" daga "rigaya" yake, wato wanda ya riga mu tafiya. Ashe kalmar da kanta tana tuna wa mai faɗinta cewa yana nan tafe.

Gaisuwar Ta'aziyya

Yayana yana aiki a Fatakwal, sai bayan kwana biyu ya iso, don haka ni aka zaunar kusa da ƙanen Baba ina karɓar gaisuwa. A nan na yi kuskure na biyu. Mutum na farko da ya ce mini "Ya haƙuri?" sai na amsa da "Lafiya lau," kamar wanda aka tambaya kwanan gida. Wani malamin allo da ke gefena ya raɗa mini cewa amsar ita ce "Da godiya" ko "Alhamdu lillahi."

Da na natsu sai na lura gaisuwar tana da tsari. Mai zuwa yakan yi sallama, a gaisa, ya tambayi haƙuri, sannan ya shiga addu'a, masu makoki suna amsawa da amin. Addu'ar kan fara da mamaci: Allah ya ji ƙansa, ya gafarta masa, ya kai haske kabarinsa. Sai ta dawo kan iyali: Allah ya ba ku haƙurin rashi, ya albarkaci abin da ya bari. Daga ƙarshe ta haɗa da kowa: Allah ya kyautata namu ƙarshen, ya sa mu cika da imani. Ba a tsawaita tambayar yadda aka yi ya rasu, ba a kuma daɗewa a zaune. A rana ta farko na ɗauka maimaici ne kawai. Zuwa rana ta uku na gane amfaninsa: wanda baƙin ciki ya ɗaure wa harshe ba ya bukatar neman abin faɗa, domin harshen ya riga ya tanadar masa.

Akwai wata kalma da ya kamata mu kula da rubutunta. "Allah ya ji ƙansa" daga "jin ƙai" yake, wato tausayawa. Ba shi da alaƙa da "jiƙa" na ruwa, balle "jika", ɗan ɗa ko ɗan 'ya. Saƙonnin ta'aziyya da suka cika wayata kusan duk "Allah ya jikansa" aka rubuta, babu lanƙwasa, babu rabewar kalma. Ni kaina da nake fama da furta "ƙ" haka na riƙa rubutawa, sai da wani ɗan ajinmu ya ankarar da ni.

Har ila yau, kalmomin wannan fage iri biyu ne. Akwai na aro daga Larabci da suka shigo tare da Musulunci, irin su ta'aziyya da jana'iza da likkafani da kabari da ajali da lahira. Akwai kuma na gida, irin su gawa da makara da kushewa da rashi da makoki, wanda aka gina daga "koka".

Uku, Bakwai, Arba'in da Takaba

Bisa al'ada akan yi zaman makoki na kwana uku, wasu su kai bakwai. Akan yi sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, a yi addu'a, a raba gumba ko waina. Malamai sun saɓa a kan wannan. Wasu, musamman na ƙungiyar Izala da aka kafa a Jos a 1978, suna ganin ware waɗannan ranaku bidi'a ce, wasu kuwa suna ganin sadaka ce da addu'a kawai. A gidanmu ma an ja wannan zance tsakanin yayana da ƙanen Baba. Da yake arba'in ɗin ta faɗo cikin azumi, sai aka daidaita a kan a dafa abincin buɗa-baki a kai masallacin unguwa, kowa ya yi na'am.

Mahaifiyarmu kuwa ta shiga takaba. Ɗalibai da yawa suna haɗa takaba da idda, alhali a bakin Bahaushe idda ta matar da aka saka ce, takaba kuwa ta wadda mijinta ya rasu. Tsawonta wata huɗu da kwana goma, mai juna biyu kuwa sai ta haihu. A cikinta babu ado, babu turare ko lalle ko kwalli, babu kuma maganar aure. Wajen rabon gado na ji wata kalmar da ban taɓa ji ba, wato "tumunin takaba", kashi ɗaya cikin takwas da matar mamaci ke samu idan ya bar 'ya'ya.

A waɗannan watanni na yanke shawarar ajiye karatu in riƙe cinikin Baba, domin akwai ƙanne uku a bayana. Mama ba ta ce komai ba sai da ta fita takaba, dab da Babbar Salla. Ranar ta kira ni ta ce da tumuninta za ta ci gaba da sarin doya da kanta, ni kuwa in tattara littattafaina in koma inda mahaifina ya bar ni. Da ba don haka ba, da ba ku karanta wannan maƙala ba.

Barka da Suna

A watan Nuwamba matar yayana, Bahaushiyar Kwantagora, ta haifi ɗa namiji. A nan ma akwai sakaya zance, domin cewa aka yi ta sauka lafiya, an samu ƙaruwa. Mai rubutu ya kula da lanƙwasar wannan kalma, don idan ta faɗi ma'anar ta koma abin kunya. Tabarmin da aka shimfiɗa a Fabrairu su aka sake shimfiɗawa, mutanen da suka zo ta'aziyya su suka dawo barka, sai dai "Allah ya ji ƙansa" ta koma "Allah ya raya." Lissafin kwanakin ma bai sauya ba: ranar bakwai aka raɗa suna aka yanka rago, mai jego kuma ta yi wanka har kwana arba'in.

An mayar wa yaron da sunan Baba. Sai dai uwarsa ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, Mama ma ba ta taɓa kiran sunan mijinta ba. Wannan kunya ce ta haifar da laƙabi irin su Abba da Baffa da Babangida ga yaron da ya ci sunan kakansa, da Ummi da Uwani da Inna ga yarinyar da ta ci sunan kakarta. Akwai kuma sunayen da ke ɗauke da tarihin rashi, kamar Audi, wanda aka haifa bayan rasuwar mahaifinsa. Namu dai Abba ake kiransa, Mama kuwa "maigidana" take ce masa, irin wasan da ke tsakanin kaka da jika. Ranar sunan ce na fara jin dariyarta tun Fabrairu.

Kammalawa

Da na koma makaranta na buɗe littafina na nahawu, sai na tarar "ƙaru" ma ɗan aji na bakwai ne, daga "ƙara", kamar yadda "rasu" ya fito daga "rasa". Wato rasuwa da ƙaruwa ginin kalma ɗaya gare su, kuma dukansu abubuwa ne da ke aukuwa ga bawa ba da dabararsa ba.

Shawarata ga 'yan'uwana ɗalibai ita ce, kada mu tsaya ga abin da ke cikin ƙamus da takardun lacca. Mu riƙa zuwa ta'aziyya da barka da suna, mu zauna kusa da dattawa, mu saurari abin da ake faɗa da abin da ake sakayawa, tun kafin ranar da za a zaunar da mu a kan tabarmar. Waɗanda Hausa ta zame musu harshen uwa kuma su riƙa yi mana gyara cikin sirri, kamar yadda malamin allon nan ya yi mini. Allah ya ji ƙan Baba da dukan magabatanmu, ya raya jikansa bisa tafarkin gaskiya, amin.