Jini a lokacin ciki: ba kullum ba ne ɓari

Iyayenmu mata da ƴan uwa ƴan kasuwa na Dakoro, a duk lokacin da muka buɗe layi a shirinmu na lafiya a rediyo, akwai tambayar da ba ta wucewa: mace mai ciki ta ga jini bayan kwanciya da maigida, mene ne? Mafi yawa sai su ce alamar ɓari ce, a sha jiƙo a kwanta. Sau da dama haka ne. Amma wani lokaci jinin daga bakin mahaifa yake fitowa, kuma yana iya zama alamar kansa.

Wannan cuta ba jifa ba ce, ba kuma ciki ke kawo ta ba. Wata ƙwayar cuta ce mai suna HPV, wadda ake ɗauka ta hanyar saduwa. Wani likita ɗan ƙasar Jamus, Harald zur Hausen, shi ya gano haka, har aka ba shi kyautar Nobel a 2008. Iri biyu na ƙwayar, mai lamba 16 da mai lamba 18, su ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na cutar. A 2022 mata kusan 350.000 ta kashe a duniya.

To ta yaya take ɓarna? Naman jikinmu ƴan ƙananan ƙwayoyi ne da ke karɓar saƙo: yanzu ki hayayyafa, yanzu ki tsaya. Kowace tana da masu gadi biyu, p53 da Rb, masu tsai da ita idan ta lalace. HPV na sakin sinadarai biyu, E6 da E7, su ɗaure masu gadin. Daga nan sai ƙwayoyin su yi ta ƙaruwa ba mai ce masu tsaya. Abin kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama kansa, mace ba ta jin komai.

Ina ciki ya shigo? Masu bincike a Amurka sun sa wa ɓeraye waɗannan sinadarai na HPV 16. A 1996 suka bayyana cewa kansar bakin mahaifa ta kama ɓerayen ne bayan an daɗe ana ba su istrojin, sinadarin mata da ke ƙaruwa sosai a lokacin ciki. Ɓera ba mutum ba ne, amma wani bincike da aka yi a kan mata, aka fitar a 2002, ya nuna cewa cikin masu ɗauke da HPV, wadda ta haihu bakwai ko fiye haɗarinta ya kusa ninka na wadda ba ta haihu ba sau huɗu. Mu da muke a jihar Maraɗi mun san haihuwa bakwai ba abin mamaki ba ne a gidajenmu.

Don haka ranar awon ciki babbar dama ce. Ki gaya wa ungozoma duk jinin da kika gani ko ruwa mai wari, ki nemi a duba bakin mahaifa. Idan an ga ɗan tabo, sau da yawa akan sa ido har a haihu sannan a yi magani. Idan abin ya yi nisa, sai a tura ki Maraɗi ko Yamai, inda cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa ta fara gashi da na'ura a 2021. Tun 2007 gwamnati ta yi dokar kula da kansar mata kyauta, kodayake kuɗin mota da guzuri suna wuyan iyali.

Alhazai masu gida, ku ma da ku muke. Wuni ɗaya da rumfa za ta yi a rufe bai kai rasa uwar ƴaƴa ba. Allah ya sauke masu ciki lafiya.